Shago a ƙasa, gida a sama: Hanyar ceton gonakin Kura da Madobi da Bunkure

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya daga Kano ya san cewa da zarar an haye gadar Tamburawa ƙasa takan sauya kama. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da sauran wurare suka yi fari fat, nan ido zai yi ta cin karo da koren shinkafa da albasa da masara da tumatir har iya ganinsa. To amma a 'yan shekarun nan akwai wani sabon amfanin gona da yake tsirowa a bakin wannan hanya da hanyoyin da suka ratsa zuwa Madobi da Bunkure, wato bulo da siminti. Yau katanga, gobe gidan mai, jibi jerin shaguna, sannan gidaje su biyo baya. A kan wannan nake son mu yi nazari tare da mai karatu, domin ina ganin irin ginin da muka zaɓa a wannan yanki shi ne zai yanke hukuncin ko jikokinmu za su gaji gona ko kuwa labarinta kawai za su ji.

Ƙasar noman rani ba ɗaya take da sauran ƙasa ba. Dukiya aka zuba kafin ta zama abin da take a yau. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka haƙa manya da ƙananan hanyoyin ruwa, aka baje filaye aka daidaita su, domin ruwa ya gangara da kansa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. A shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta karɓi ragamar aikin. An tsara kashin farko zai shayar da kimanin hekta 22,000. Daga baya ma sai da aka sake ciyo bashin Bankin Duniya a ƙarƙashin shirin TRIMING domin gyaran hanyoyin ruwan. Madobi kuma, wadda ke maƙwabtaka da Kura, tana cin gajiyar fadamun kogin Challawa. Saboda haka duk kadadar da aka dasa wa harsashin gini a irin wannan wuri, an binne kuɗin al'umma ne tare da ita, kuma ba a taɓa jin an rushe unguwa an mayar da ita gona ba.

Sai dai kuma jama'a ba za su kwana a kan kunya ba. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna Madobi tana da mutane kimanin 137,000, Kura kimanin 144,000, Bunkure kuma kimanin 170,000. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar sun isa aure yanzu. Ga 'yan ci-rani da ke zuwa aikin dashe da yanka, ga 'yan kasuwar shinkafa da suka cika Kura da Ƙarfi, ga dillalan tumatir na Kwanar Gafan, ga malamai da ma'aikatan lafiya, ga kuma mutanen birni da tsadar haya ta koro. Kowannensu yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa.

Bari mu yi ɗan lissafi. Fulotin da muka saba da shi, mai ƙafa 50 da 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Idan aka cire hanyoyi da magudanan ruwa, abin da za ta bayar bai fi fuloti 15 ba. Ke nan idan sababbin magidanta 1,000 suka ce kowa sai da nasa fulotin, an cinye kusan hekta 67. Amma da za a ɗora iyali takwas a kan kowane fuloti, hekta 9 ta ishe su, har da rarar shaguna a ƙasa. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin lokaci ya yi da garuruwan wannan yanki za su fara girma zuwa sama, ta hanyar gina benaye masu hawa biyu a bakin manyan hanyoyi da kewayen kasuwanni, kasuwanci a ƙasa, ƙananan gidajen zama a bisa.

Ba baƙon abu ba ne

Na san abin da wasu za su ce: wannan ai zaman Legas ne, Bahaushe ba ya kwana a kan wani. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. Haɗa sana'a da wurin kwana a gini ɗaya shi ne asalin zamanmu. A zaure malami yake karantarwa, a nan baduku yake ɗinki, a nan masaƙi yake kafa masaƙarsa. Fatake da suka riƙa sauka a Fagge da kewayen kasuwar Kurmi a gidan maigidansu suke kwana, a nan kuma ake ajiye hajarsu har a yi ciniki. Ita kanta Kura, tun kafin shinkafa ta yi mata suna, an san ta da rini da bugun turkuɗi da ake kaiwa har ƙasashen Buzaye, kuma sana'ar a cikin gari ake yin ta, daf da gidajen masu ita. Soron bene ma ba jiya ya zo Kano ba. Attajirai da sarakuna sun daɗe suna ɗora shi da tubali da azara.

Haka nan ƙaramin ɗaki ba sabon abu ba ne a wurinmu. Azarar giginya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin mita biyu, sai an yi mata dabara da tauyi ko baka ko ginshiƙi. Wannan ya sa ɗakunan talaka na ƙasa ba su cika faɗi ba, amma ba wanda ya ji an matse shi, domin ɗaki na kwana ne da ajiya, rayuwa kuwa a tsakar gida ake yin ta.

Idan muka leƙa waje ma za mu ga irinmu. A birnin Shibam na ƙasar Yaman, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1982, mutane sun gina gidajen ƙasa masu hawa biyar zuwa sama a kan ɗan tudu, suka bar kwarin da ke kewaye da su domin noma da dabino. Hawan ƙasa na ajiya ne da dabbobi, iyali kuma suna sama. A Alƙahira akwai masaukin fatake da Sarki Al-Ghuri ya gina a wajen shekarar 1504, kusa da Azhar: rumbunan haja a ƙasa, ƙananan gidajen haya a sama, tagoginsu an rufe da sassaƙen katako mai huda, yadda na ciki zai ga waje, na waje ba zai gan shi ba. A nan kusa da mu kuwa, a Yamai, an kammala wasu gidaje da ake kira Niamey 2000 a shekarar 2016, waɗanda Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta suka zana: benaye ne na bulon ƙasa da aka matse, a kan ƙaramin fili, amma kowane gida da tsakar gidansa da suturarsa.

Abin da ke kashe irin wannan gini

Matsalar benayen da ake ɗorawa a kan shaguna a garuruwanmu ita ce, ba a zana su domin mu ba. Mai fili zai gina shaguna, idan kuɗi ya samu sai ya zuba dekin, ya ce wa magini ya yanka masa ɗaki da falo a sama. Sakamakon haka kowa ya san shi. Matakala ɗaya ce, kuma ta gaban masu shago take bi, matar gida ba ta iya sauka sai ta ratsa majalisar maza. Da an buɗe ƙofa baƙo yana hango gado. Kicin ɗin bai fi a tsaya a kunna risho ba, alhali uwargida da gawayi take girki. Babu wurin shanya, babu wurin daka, babu inda yaro zai yi rarrafe ya ga sama. Bayan shekara ɗaya iyali su tashi, a zuba gwagware ko a mayar da wurin sito, sannan a ce ai dama Bahaushe ba ya son bene. Ba benen ya ƙi ba, kurkuku ya ƙi.

Ƙaramin gida ba ya nufin a ɗauko babban gida a datse shi. Abin da ya kamata mai zane ya fara tambaya shi ne: waɗanne ayyuka gidan Bahaushe yake yi wa mai shi? A ganina guda huɗu ne ba sa saryuwa: tarbar baƙo ba tare da ya shiga cikin iyali ba, suturta mata, ba su sararin aiki da sana'a a ƙarƙashin sama, da kuma ajiyar abinci. Duk zanen da ya cika waɗannan, ko da ƙarami ne, gida ne.

Gida cikakke a murabba'in mita 55

Ga yadda nake hasashen abin a kan fuloti ɗaya. A hawan ƙasa a jera shaguna huɗu suna kallon titi, da rumfa a gabansu. Ƙofar mazauna sama ta kasance a gefe ko a baya, ta lungu, ba ta haɗa hanya da masu ciniki ba. Bayan shagunan a bar fili mai katanga na matan gidan baki ɗaya: nan za a girke turmi, nan masu turara shinkafa za su kafa tukwanensu, nan rijiya ko famfo zai kasance, har da ɗan garke ga mai akuya ko kaji. Daka a kan dekin azaba ce ga na ƙasa, don haka wannan fili ba ado ba ne.

A kowane hawa na sama a fitar da gida huɗu, kowanne murabba'in mita 55. Huɗun sun tashi 220, a ƙara kamar 40 na matakala da hanyar wucewa, ginin ya ci 260 ke nan, saura kimanin 200 na fili da tazara tsakaninsa da maƙwabta.

A cikin 55 ɗin nan, a ware 5 domin ɗan zaure a bakin ƙofa, wanda zai ɗauki tabarma ɗaya da mutum uku. Sirrin zaure ba girmansa ba ne, karkacewar ƙofofinsa ce: ƙofar shiga da ta wucewa ciki kada su kalli juna. Daga nan sai a faɗa baranda mai murabba'in mita 9, wadda ita ce tsakar gida. A kewaye ta da bango mai tsayin da ya wuce kan mutum, rabinsa na sama a yi shi da bulo mai huda, iska ta shiga, hayaƙi ya fita, ido kuma bai shigo ba. A yi mata daɓe mai gangara da indararo, a sa famfon alwala da wanke-wanke a kusurwa. Kicin mai 5 ya buɗe kai tsaye cikin barandar, ta yadda mai gas za ta yi girki a ciki, mai kurfoti kuma ta jawo shi waje. Sai falon iyali mai 12, da ɗakunan kwana biyu masu 10 kowanne, ɗaya na ma'aurata, ɗaya na yara, da banɗaki mai 4, wanda ƙofarsa ba ta kallon falo, mazauninsa kuma bai fuskanci alƙibla ba.

Wurin ajiya shi ne inda ƙananan gidaje suka fi faɗuwa. Manomi ba ya sayen abinci da kwano, buhu yake ajiyewa. Kakanninmu sun san alkuki, wato ramin ajiya a jikin bango. Sai a faɗaɗa wannan hikima, a gina kabad a cikin bango tun daga ƙasa har rufi, a yi kanta a saman ƙofofi, a kuma ba kowane gida ɗan sito mai kulle a hawan ƙasa a madadin rumbu. Nan kuma dole iyayen amare su taimaka. Ɗaki mai murabba'in mita 10 ba zai ɗauki gadon da ya yi kama da jirgin ruwa ba, ga sif mai ƙofa shida, ga madubi, ga jeren kujeru. Kafintocinmu suna da basirar ƙera gado mai aljihuna a ƙasa da kujerar da ke zama wurin ajiya, in dai an nema.

Mai mata biyu fa? Ko wanda iyalinsa suka ƙaru? A zana gidaje biyu masu jingine da juna yadda zaure ɗaya zai iya yi musu hidima, kowace mata da ƙofarta da tsakar gidanta da kicin ɗinta. Tsofaffi da masu lalura kuma a ware musu gida ɗaya a hawan ƙasa ta baya. Ginin da bai wuce hawa biyu a kan shaguna ba ba ya buƙatar na'urar hawa, wadda ba mu da wutar da za ta riƙe ta.

Zafi, ruwa da wuta

A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, kuma na saman bene shi ya fi ɗanɗana shi. Maganin yana cikin zane tun kafin a sayi fanka. Dogayen bangaye su fuskanci kudu da arewa, bangon yamma kuma a jingina masa matakala ko banɗaki domin su tare ranar la'asar. Kowane ɗaki ya sami taga ta ɓangare biyu. A ɗaga rufin kwano sama da silin, a bar iska ta ratsa tsakani, irin dabarar da Francis Kéré na Burkina Faso ya yi a makarantar ƙauyensu Gando, wanda daga baya ya ci babbar lambar yabo ta Pritzker a shekarar 2022. Bangon gabas kuwa, inda ruwan damina yake duka, magina na da sun san shi ya fi buƙatar kariya, shi ya sa suke ƙara masa makuba.

Yankin noman rani yana da tasa matsalar ta daban: ruwa yana kusa da doron ƙasa. Harsashin da ya isa a kan jigawa ba lalle ya isa a Kura ba. Dole a gwada ƙasa kafin a haƙa, a ɗaga daɓe, a sa abin da zai hana danshi hawa bango, a kuma nisanta sokawe daga rijiya, domin iyali takwas ba iyali ɗaya ba ne. Inda ruwa ke kwanciya kuma sauro ba ya rabuwa da wurin, saboda haka ragar taga ta shiga cikin kuɗin gini tun farko.

Sai batun abin da za a sayar a ƙasa. A garin manoma, hajar da ta fi tafiya ita ce taki da maganin feshi da fetur na injin ban-ruwa. Ko ɗaya daga cikinsu bai dace a ajiye shi a ƙarƙashin ɗakin da jariri yake barci ba. Haka injin casar shinkafa da na niƙa da wurin ɗura gas. Tela, mai kayan masarufi, mai sayar da iri, mai gyaran waya, kantin magani, waɗannan su ne maƙwabtan arziki. Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta lashe dubban shaguna. Da akwai iyalai a samansu, da ba asarar dukiya kawai za a ƙirga ba. Don haka matakala biyu wajibi ce, kuma a bar wa kowane gida taga ɗaya da ƙarfenta yake buɗuwa daga ciki. Ba mu kuma manta da benen da ya rufta a titin Beirut cikin watan Agustan 2022 ana tsakar gininsa ba. Wanda zai tsuke hannu a kan rodi da siminti, ko ya ƙi biyan injiniya, gara ya haƙura da bene. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wa zai gina, wa zai mallaka?

Gaskiya ne bene ya fi gidan ƙasa cin kuɗi, kuma ƙaramin manomi ba zai iya shi kaɗai ba. Amma kuɗin fili da harsashi da rijiya da katanga an raba su ne gida takwas, hayar shaguna kuma tana rage nauyi. Attajiran shinkafa na yankin, da ƙungiyoyin manoma, da masu son yin waƙafi, duk suna iya shiga. Magada ma suna da riba a nan. Fulotin da aka raba wa 'ya'ya takwas ba ya amfanar kowa sai an sayar, amma gini mai gida takwas yana rabuwa ba tare da an rushe shi ba. Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da halatta sayar da sararin da ke saman gini, muddin an siffanta abin da za a ɗora. Abin da ya rage shi ne hukumar filaye ta sauƙaƙa ba kowane mai gida a bene takardar mallakarsa, tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda zai gyara rufi da matakala da sokawe.

Akwai darasi kuma a rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, waɗanda aka gina a wa'adi na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda shi kansa ɗan ƙaramar hukumar Madobi ne. Gidaje ne masu kyau da tsari, amma da yawansu sun daɗe babu kowa a ciki. Abin da na fahimta daga nan shi ne, mai ƙaramin ƙarfi yana bin inda abincinsa yake ne da abin da aljihunsa zai ɗauka. Gidan da ke saman kasuwa ya riga ya amsa tambaya ta farko, ƙanƙantarsa kuma ta amsa ta biyu.

Kirana ga gwamnatin jiha da hukumar tsara birane ta KNUPDA da shugabannin ƙananan hukumomin Madobi da Kura da Bunkure da Garun Malam shi ne, su zauna da Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da hakimai da dagatai, a shata iyakar da gini ba zai tsallaka ba, a kuma hana awon igiya a duk gonar da ruwan Tiga yake isa. A madadin haka, a ware layukan da ke bakin manyan hanyoyi da kasuwanni domin irin waɗannan benaye, a rage wa masu gina su kuɗin izini. Sassan koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Bayero da ta Wudil da ta Ahmadu Bello su ba ɗalibansu wannan aiki, su je su zauna da matan Kura da na Kwankwaso da na Kafin Agur su ji yadda suke girki da shanya da sana'a, sannan a fitar da zane biyu ko uku da injiniyoyi suka tantance, a raba wa magina kyauta. A fara da gini ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, jama'a su shiga su gani, domin gani ya kori ji.

Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Har yanzu mafi yawan gonakin nan kore ne, kuma garuruwan ba su gama haɗewa da birni ba. Unguwanni da dama da ke cikin Kano a yau gonaki ne a idon iyayenmu, kuma ba wanda ya yi shawarar cinye su; fuloti-fuloti suka tafi. Idan ba mu yi wa Kura da Madobi da Bunkure tanadi ba, haka su ma za su tafi, ruwan Tiga ya zo ya tarar da katanga. Allah Ya ba shugabanninmu ikon hangen nesa, mu kuma Ya sa mu dace.